'Yar Kwalba da Tattabarun Ubanta

"Ko su, ko mu!"

Auta ce ta faɗi haka tana tsaye a tsakar gida, hannu ɗaya dafe da cikinta da ɗinki bai gama warkewa ba, ɗayan yana nuna saman rufi.

A saman rufin kuwa tattabaru ne jere, sun zuba mata ido kamar masu sauraron shari'a.

Mijinta, Kafinta, ya sosa ƙeya.

"Haba farar tattabarata..."

"Kar ka ƙara kira na da sunan nan! Ni mutum ce!"

"To hasken idona, wallahi na rabu da su. Da hannuna na kai su."

"Waɗancan fa? Aljanu ne?"

"Dawowa suka yi... So na suke yi."

"Su suna son ka, 'yarka kuma tana kwance a asibiti da roba a hanci!"



'Yarsu ta fari bakwaini ce. Ta zo duniya tun lokacinta bai yi ba, ƙirjinta babu ƙarfi, aka sa ta a kwalba. Ta daɗe a ciki har nas-nas suka laƙa mata 'Yar Kwalba. Yanzu ta fito, tana shan nono, amma ba ta rabuwa da robar oksijin. Likita ya ce za a iya sallamarta, da sharaɗi guda: sai Sista mai duba gidaje ta je ta ga inda za a ajiye ta, ta ce ya yi.

Sista kuwa ba ta san wasa ba. Ranar da ta fara zuwa, yatsa ta goga a jikin taga ta nuna wa Kafinta.

"Mene ne wannan?"

"Garin katako ne, ranki ya daɗe."

"Huhun yarinyar nan bai kai tafin hannunka ba. Ba ƙura, ba hayaƙi, ba turare, ba gashin tsuntsu. Ka ji ko in maimaita?"

Gaskiya a faɗe ta, Kafinta ya yi aiki. Ya kwashe bencinsa da zarto da kusoshi ya mayar wata rumfa can ƙarshen layi. Ya yaye kafet. Ya sauke labule masu kauri. Ya wanke bango har fenti ya koɗe. Ya haɗa ɗan gado mai tayoyi, da gurbin tukunyar oksijin a gefe, ya goge shi har babu inda zai karci fata. Ya samo batir saboda ɗaukewar wuta. A bakin ƙofa ya ja famfo ya ajiye sabulu, duk mai shiga sai ya wanke hannu. Uwarsa da ta haife shi ma, da ta zo tana ƙamshin turare, a waje ya tsayar da ita.

"Ni za ka hana shiga? Ni?"

"Inna, ba ni ba ne, huhu ne."

Duk wannan ya yi shi ba gardama. Tattabarun ne suka tsaya masa a wuya. Tun yana yaro yake kiwonsu, kowace da sunanta: ga Ɗan Gayu, ga Mai Wuya, ga Sarkin Faɗa, ga Gimbiya, fara sol, wadda ko tari ta yi sai ya kasa cin abinci. Kullum da safe zai yi wani fito mai lanƙwasa, sai ka ga sun sauko masa a kai da kafaɗa.

Da ya rasa inda zai kai su, sai ga Mai Kemis na bakin titi ya ce a kawo masa, yana da fili a bayan shago.

Shi Mai Kemis ɗin nan shi ne wanda Umma, mahaifiyar Auta, ta so ta aura tun farko. Mutum mai farar riga, mai magana a hankali kamar yana auna magani. Auta ta ƙi shi ta zaɓi mai garin katako a gashi, kuma har yau abin bai bar ran Umma ba.

Kafinta ya kai tattabarun cikin kwando, ya ja masa kunne.

"Ka rufe su a keji har su saba. Ka buɗe musu yanzu, gida za su dawo."

"Kar ka damu, ɗan'uwa. Ai yi wa kai ne."

Ranar da Sista ta zo dubawa karo na biyu, tana buɗe lema a tsakar gida, Sarkin Faɗa ya sakar mata kashi a kai. Ta ɗaga ido ta ga rufi cike.

"Saura zuwa ɗaya," ta ce tana goge lema. "In na sake ganin ko gashi guda, gidan kakarta za a kai ta."

Umma da ke gefe ta gyara mayafi.

"Alhamdu lillahi. Ni kuwa in 'yata ta dawo gidana da jikata, ta dawo ke nan. Ya zauna ya auri tsuntsaye."

Tafiyarsu ke nan Auta ta yi masa wancan ihun na ko su ko mu. Ta haɗa kayanta ta koma asibiti gefen 'yarta, ta ce kar ya sake yi mata magana sai rufi ya zama fayau.

Ya sake tattara su a kwando ya mayar. Mai Kemis ya riƙe baki.

"Ikon Allah! Ni ma ban san ta inda suke fita ba."

Daga nan abin ya canja salo. Ba sa dawowa gaba ɗaya, sai ɗai-ɗai, bibbiyu. Kuma duk wadda ta sauka a rufin, kafin yamma labari ya isa kunnen Umma, daga Umma sai asibiti.

"An ga Mai Wuya yau a saman gidanku."

"Umma, wa ya faɗa miki?"

"Mai ƙaunarki."

Kullum da rana Kafinta zai zo asibiti, ya wanke hannu har gwiwa, ya sa ƙyallen rufe baki, ya tsaya kan 'yarsa yana kallo. Sannan ya ajiye kula a gefen gadon Auta.

"Zinariyata, ga romo. Sun ce ki riƙa ci don nono ya zo..."

Sai ta juya masa baya.

"Dama ina so in faɗa miki..."

Sai ta ja mayafi ta rufe kai.

Amma yana fita za ta buɗe kular. Fushi daban, yunwa daban. Romon kuwa ba a magana, nama mai laushi, ƙashi ƙanana, ga yaji daidai. Nono ya zo har tana tatsa ana ajiyewa. 'Yar Kwalba ta fara kumatu.

Umma ma ta gano lokacin zuwan kular, ba ta ƙara makara ba.

"Mutumin banza ne," ta ce tana tsotsar ƙashi, "amma ya san inda ake sayen 'yan kaji. Miƙo min waccan cinyar."

Auta dai ba ta dariya. Ta lura ya rame. Idonsa ya faɗa. Ta ce a ranta kewar tsuntsaye ce, ba tata ba, sai ta ƙara hawa.

Ranar zuwan Sista na ƙarshe, da safe, Auta ta biya kemis sayen ruwan goge hannu. Mai Kemis na ganinta ya washe baki.

"Ƙanwata! Kin ga yadda kika koma? Ni da ni ne, gidana ko sauro sai ya wanke hannu kafin ya shiga."

"Ba ni ruwan goge hannu, Yaya."

"Yau ne Sista za ta je ko? Da wane lokaci?"

"Yanzu ma tana hanya."

Ya duba agogo. Ya ce ta ɗan jira, zai ɗauko mata sabo a baya.

Ya daɗe. Auta ta gaji da tsayuwa, ga ɗinki yana ja, ta leƙa ta ƙofar baya don ta ce ya hanzarta.

Sai ta gan shi durƙushe gaban keji. Kejin babu kowa sai Gimbiya. Ya zura hannu ya kamo ta, ya sumbaci kanta, ya ce, "Je ki gaida Sista." Ya cilla ta sama.

"Yaya!!"

Ya juyo, farin gashi manne a leɓensa.

"A'a... iska nake ba ta..."

"Allah ya isa tsakanina da kai!"

Ba ta san lokacin da ta tare motar haya ba.

"Direba, bi tsuntsuwar can!"

"Wace tsuntsuwa, baiwar Allah?"

"Mu je dai, ni na san inda za ta!"

Ta iske Sista da Umma da Kafinta a tsakar gida. Rufi fayau. Ɗakin tattabarun da ke sama babu shi, Kafinta ya ɓamɓare katakon gaba ɗaya, ya wanke wurin. Sista ta goga yatsa a taga, ta duba. Ta tura ɗan gadon, ta gwada batir, ta shinshina labule. Ta buɗe baki ke nan za ta yi magana...

Fir-fir-fir!

Gimbiya ta sauko ta zauna daram a kan Kafinta.

Umma ta tafa hannu.

"Kun gani! Amarya ta dawo ɗakinta!"

 Kafinta ya sa hannu biyu ya sauko da ita, ya shafa bayanta. Ya shiga kicin ya fito da wuƙa, ya nufi bayan gida.

"Tsaya!" Auta ta sha gabansa. "Me za ka yi?"

"Abin da na yi wa sauran."

"Wane sauran?"

"Duk wadda ta dawo. Na gane in dai da ransu ba za su bar gidan nan ba."

"Ina suke?"

Ya kalle ta, ya kalli ƙasa.

"Romon nan da kike sha..."



Umma ta dafe maƙogwaro.

"Kai! 'Yan kajin nan?"

"Ba kaji ba ne, Umma. Wanda kika ce a miƙo miki cinyarsa, Ɗan Gayu ne."

"Innalillahi! Mai ƙibar nan fa na shekaranjiya?"

"Sarkin Faɗa."

"Wanda ya ɓata min lema?" Sista ta tambaya.

"Shi."

"Madalla."

Auta kuwa ta zauna a bakin famfo. Mutumin da ko ƙwai ya fashe sai ya yi jimami, shi ne yake yanka su ɗaya bayan ɗaya, ya fige, ya dafa, ya kawo mata, ita kuma tana juya masa baya. Dariya ta taso mata, kuka ya riga ta fita.

"Me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"Yaushe? Da mayafi nake magana. Kuma na ce in kin sani ba za ki ci ba, nono ya tsaya."

"Ba son ka ne ya dawo da su ba, Mai Kemis ne ke sakinsu! Da idona na gan shi yanzu!"

Kafinta ya yi tsaye da wuƙa a hannu. Abin da ya fi ba shi haushi ba makircin ba ne.

"Wato ba don ni suke dawowa ba?"

"Ni ce na dawo don kai, sakarai na..."

Umma ta miƙe tana ɗaure mayafi a ƙugu.

"Wato ni Mai Kemis ya mayar 'yar aike? Ya sa ni cin tsuntsayen surukina ina zaginsa da baki cike?" Ta cire takalmi ɗaya ta riƙe a hannu. "Ina zuwa. Zan sayo maganin ciwon kai."

A bakin ƙofa ta waiwayo.

"Kai Kafinta... romon ya yi daɗi. Allah ya yi maka albarka."

Saura Gimbiya da wuƙa. Auta ta riƙe hannunsa.

"Wannan kam ba zan iya cinta ba."

"To ya zan yi? Ko ina na kai ta..."

"Kawo ta nan," Sista ta ce, ta buɗe jakarta. "Ina da keji a gida, kuma ni ba na buɗe ƙofa don kowa. Gida ya yi. Ku je ku ɗauko 'yarku."

Washegari da hantsi 'Yar Kwalba tana kwance a gadon da ubanta ya haɗa, roba a hanci, na'ura tana hucinta a hankali. Auta tana ninke ƙyallaye. Kafinta ya wanke hannu, ya zo ya tsaya bakin taga yana kallon rufin da babu komai.

Bai san ma ya yi ba. Fiton nan mai lanƙwasa ya kuɓuce daga bakinsa.

Sama shiru. Ko fiffike ɗaya.

Ya sunkuyar da kai zai juya, sai Auta ta kama rigarsa.

"Masoyi... duba!"

'Yar Kwalba ta buɗe ido. Ta juyo da ɗan kanta wajen fiton da ta saba ji tun tana cikin uwarta, tana ɗaga hannuwa biyu tana kaɗawa.

Kafinta ya durƙusa gaban gadon, hawaye na bin gemunsa.

"Farar tattabarata..."

"Kai!" Auta ta ɗaka masa duka a kafaɗa. "Sunana ne fa wannan!"