Takalma a Bakin Tanki

Gab da magariba wata amarya ta ɗauki kwanon abinci ta nufi tudun da tsohon tankin ruwan gari yake. Kwana tara ke nan da kwashe ruwansa, ana liƙe tsagar cikinsa kafin a jona shi da sababbin bututu. Rami ne na siminti a ƙarƙashin ƙasa, ƙofarsa ɗaya kamar bakin rijiya. Mijinta, mai gyaran famfo, shi ke sauka ciki.

Ma'aikatan suna da ƙa'idarsu. Duk mai sauka zai bar takalmansa a bakin ramin. Muddin da takalmi a wurin, tsoho mai gadi ba ya sakin ruwa.

A tsakiyar hanya ta hango shi yana gangarowa. Rigarsa ce, tafiyarsa ce. Ta sunkuyar da kai tana murmushi, tana jiran tsokanar da ya saba: "Amarya, yau ma gishiri ya yi yaji ya bar miyar?"

Bai tsaya ba. Ya gifta ta, wani sanyi ya biyo shi, da warin tsohuwar laka. Da yake idonta na ƙasa, ƙafafunsa ta gani. Takalmansa ne, amma na dama a hagu, na hagu a dama. Ruwa na tsiyaya daga cikinsu, ƙasa kuwa ba ta jiƙe ba.

"Maigida?" ta ce a hankali.

Ta waiwaya. Hanya fayau.

Ta haura da sassarfa, ta tarar da mai gadi yana alwala.

"'Yata, kun yi saɓani. Yanzu mijin naki ya wuce, ko sallama babu. Ke kika ɓata masa rai, ko?"

"Baba, ka saki ruwan?"

"Takalma sun tafi, me zan jira? Injiniya ya ce a gwada kafin duhu."

Ƙasa na gurnani a ƙarƙashin ƙafarta. Cikin gurnanin kuma akwai wani sauti. Ƙwan. Ƙwan. Ƙarfe a kan ƙarfe.

Ita wadda maƙwabta ba su taɓa jin muryarta ta katanga ba, ta saki kwanon ta kurma ihu.

"Yana ciki! Baba, rufe!"

Tsohon ya cafki ƙarfen da ake murɗawa a rufe ruwan. Ya ƙi motsi. Suka haɗa hannu huɗu. Tana ji a tafinta wani yana mayar da shi baya, sannu a hankali, ba gaggawa.

Ta fizgi igiya ta ruga bakin ramin. Tsanin ya karye, yana yawo a kan ruwa. Ruwan ya kai wa mijinta wuya.

"Kama!"

"Ya riƙe min ƙafa," ya raɗa. "Kada ki leƙo."

Ta leƙa.

A bayan ƙeyarsa akwai wata fuska. Tasa ce sak. Tana kallonta, ba ƙiftawa.

Ta runtse ido. Ta yi a'uziyya da ƙarfi. Suka ja, ita da tsohon.

Igiya ta yanke mata hannu.

Suka sake ja.

Sai aka sake shi, suka jawo shi waje.

Injiniya ya ce gurɓatacciyar iskar rami ce ta juya musu kai. Aka ƙarasa aiki, ruwa ya isa kowane gida, mata suka huta da layi. Mijinta kuwa bai sake taka ƙafar dama ba. Shatin yatsu ya zauna a idon sawunsa, baƙi ƙirin.

Su ma an ja musu famfo har tsakar gida. Amma kullum da safe da bokiti take fita zuwa rijiya.

"Ga ruwa a ƙofar ɗakinki, kina wahalar da kanki?" in ji matan unguwa.

Murmushi kawai take yi. Ba ta gaya musu ta ɗaure kan famfon da waya ba. Ba ta kuma gaya musu cewa duk sanda mijinta ya dogara sanda ya ratsa kusa da shi, da kansa yake fara zuba ba.