Wa Ke Taɓa Keken Zuera?

Zuera 'yar unguwar Maamobi ce a Accra, ita ce babba a ɗakin Mma Fatu mai sayar da waakye, shinkafa da waken da ake ci da safe. Abincinsu na da daɗi, masu saye kuma akwai su har ofisoshin unguwar Circle. Abin da suka rasa shi ne hanyar kai abincin da zafinsa, domin trotro, motar haya, kan maƙale a cunkoso har miya ta huce. Shi ya sa mahaifinta, Baba Abdulsalami, wanda ya shekara talatin yana tuƙa babbar mota daga tashar Tudu zuwa Yamai, ya sayo mata keke mai batir.

Mutawakil kuwa bakaniken irin waɗannan kekuna ne, yana da ƙaramin shago a unguwar Nima. Daga Tamale ya zo. Yana da hannu mai kyau da haƙuri, amma ba shi da dattijo ko ɗaya a Accra da zai ce ya san halinsa.

Ran da suka fara haɗuwa, turo keken ta yi, gefen hijabinta duk manja.

"Sannu, 'yar'uwa. Faɗuwa kika yi?"

"Ban faɗi ba. Da na taka feda sai ya zabura kamar akuyar da aka kwance. Rabin miyata na kan titi."

Ya danne dariyarsa, ya danna maɓalli biyu tare a ɗan allon da ke kan kan keken, wasu lambobi suka fito. Ya yi mata bayani a hankali. Injin yana taimakon ƙafa ne mataki biyar. A ciki kuma akwai lambar ƙarfin tashi, da lambar yawan wutar da injin zai ja daga batir. Dukansu an kai su ƙarshe.

"Ke abinci kike ɗauka, ba tsere kike ba. Zan sassauta tashin, in rage wutar. Ki riƙa tafiya a mataki na biyu, hawa kuma na uku."

Ta zagaya layin ta dawo fuska a sake. "Ei, chale! Kamar ana tura ni da tafin hannu."

Da la'asar saƙonsa ya shigo: "Mai Waakye, miya ta isa lafiya?"

Ta amsa: "Ta isa, Injiniya. Gobe akwai naka, da ƙwai biyu."

Haka abin ya fara. Kafin wata biyu Mma Fatu ta san dalilin da ya sa kwano ɗaya ke bi ta Nima kullum.

Sai dai keken ya ɗauki wani hali. Zai yi kwanaki lafiya, sai ya koma zabura, batir ya mutu tun kafin ta baro Circle, ta turo shi cikin rana har shagon Mutawakil. Ya gyara, bayan mako a sake. Sau huɗu ana haka.

A karo na huɗu ya dube ta ba murmushi. "Lambobin nan ba sa canza kansu, Zuera. Wa kike ba keken nan?"

"Ba kowa. Me kake nufi?"

"Ko wanda ya sayar muku?"

Abdul-Wahab yake nufi, mai shagon kekuna a Tudu, ɗan abokin Baba, wanda kowa ya san ya daɗe yana son Zuera. Ta ji zafin tambayar, ta tafi ba sallama.

A gida ta tarar da wadda ta fi wannan. Mutawakil ya aiko yana neman izinin turo manya, Baba kuma ya riga ya yanke.

"Na san makanikai tun ba a haife ki ba," in ji Baba. "Akwai wanda zai kwance maka ƙusa ɗaya don ka dawo gobe. Keke sabo fil, me ya kai shi shago sau huɗu? Yaron nan rage masa ƙarfi yake don ki riƙa zuwa. Wanda ya cuci inji zai cuci mace. Ba ni ba shi 'yata."

Zuera ta so ta musa, amma maganar ta zauna mata. Ai kuwa duk mutuwar batir a ƙofarsa take ƙarewa. Ta rubuta masa: "Ka gaya mini tsakaninka da Allah. Kai kake ɓata keken don in riƙa zuwa?"

Ya amsa: "Mai Waakye, rantsuwata ba za ta ishe ki ba, tunda ni ake zargi. Na nuna miki yadda ake buɗe lambobin. Ki ɗauki hotonsu duk safiya kafin ki fita, da kuma in kin dawo. Kada ki zo shagona sati guda. Ki bar hoto ya yi magana."

Ta bi abin daki-daki. Litinin, Talata, Laraba, lambobi na nan yadda ya bar su. Alhamis da yamma ma haka. Juma'a da safe ta dawo daga sayo kayan miya ta buɗe allon, ta ga komai ya koma ƙarshe. Keken bai bar tsakar gida ba.

Ta kalli ƙofofin gidan hayar ɗaya bayan ɗaya, tana tunanin wace maƙwabciya ce Abdul-Wahab ya saye. Ta mayar da lambobin yadda suke a hoto. Juma'ar da ta biyo baya ta ɗauki kwandon kasuwa, ta fita, ta kewayo ta tsaya bayan tankin ruwa.

Baba ne ya fito. Ya sa tabarau, ya zaro wata 'yar takarda daga aljihu, ya durƙusa da ƙyar gaban keken, yana danna maɓalli yana duba takardar.

"Baba! Kai ne?"

Bai ko razana ba. "Ni ne mana. Ina mayar da abin da yaron nan ke sacewa. Abdul-Wahab ya rubuta mini lambobin cikakken ƙarfi. Ina zaune za ki riƙa hawan Maamobi da kaya, inji na barci?"

Ta zauna a bakin rijiya, ta rasa dariya za ta yi ko kuka. Ta rubuta wa Mutawakil: "Injiniya, ka yafe mini. Na gano mai taɓa keken. Ka zo gobe, amma ka zo da ladabinka duka."

Ya amsa: "Ni ma ki yafe mini zargin da na yi. Zan zo."

Ya zo Asabar da hantsi, ya cire takalmi tun daga ƙofa, ya durƙusa ya gaida Baba. Bai ce Baba ya yi kuskure ba.

"Baba, ku da kuka yi tuƙi, in kun sauka daga doguwar tafiya da me kuke duba ƙafafun mota?"

"Da hannu. Zafi ba ya ƙarya."

"To a bar allon nan, ni ma ban yarda da shi kamar hannunku ba. A ɗora kaya cikakke. Ta hau hawan nan sau uku da lambobinku, ku taɓa injin. In ya huce ta sake da nawa. Abin da hannunku ya ce, na yarda, ko da a kaina ne."

Baba ya ƙare masa kallo, yana neman inda dabarar take. Shi da kansa ya ɗaure kulolin, shi ya sa lambobinsa, ya kuma hana Mutawakil matsowa kusa.

Zuera ta hau sau uku. Baba ya ɗora tafinsa a kan injin da ke tsakiyar ƙafar baya, ya janye da sauri yana yarfe hannu. Ya duba layukan batir, ɗaya ya tafi.

Aka jira injin ya huce. Mutawakil ya faɗi lambobinsa, Baba ya danna su da yatsansa. Ta sake hawa sau uku, ta sauko ko haki ba ta yi. Baba ya ɗora hannu, ya bar shi a wurin. Ɗumi ne kawai.

Mma Fatu ta tsaya da ludayi a hannu.

"Mota mai kaya ba a tashinta da babbar giya," Baba ya ce a hankali, kamar da kansa yake magana. "Ni na koya wa mutane wannan." Ya ninke takardar Abdul-Wahab ya miƙa wa Mma Fatu. "Sa a murhu." Sannan ya juya. "Ɗana, birkin bayan nan ya yi sanyi, ban yarda da shi ba. Kawo sifana mu duba tare."

Bayan sati uku wani kawun Mutawakil ya sauko daga Tamale da goro. Da aka tambayi wanda ya san halin yaron a Accra, limamin unguwa bai kai ga buɗe baki ba Baba ya ce shi ya sani.

An ɗaura aure wata Lahadi a ƙofar gida, layin ya cika da kujerun roba da mata cikin anko. Mma Fatu ta riƙe hannun 'yarta tana hawaye. "Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya sa ku riƙa tambayar juna kafin ku yi fushi." Baba ya dafa kan ango, ya ce Allah Ya yi masa albarka, Ya ba su zuri'a ta gari. Jama'a suka amsa da amin.

Mutane sun ce ran da aka kawo goro Baba ya ba da 'yarsa. Zuera dai ta gane tun ran da ya kira Mutawakil ɗansa ya bayar da ita.