Abin da Aka Rufa a Kantin Ashcombe

Ranar Alhamis ce, cikin watan Yuni, sanyin Melbourne na ratsa ƙashi. Garifalia ta tashi daga teburin kayan miyarta a kasuwar Victoria tun ƙarfe huɗu, ta ɗauraye hannu a famfo, ta ce da 'yarta Anthoula ta raka ta cikin gari. Saura kwana tara mijinta Lefteris ya cika shekara da rasuwa, ita kuwa ta rantse ba za ta tsaya a coci da rigar da duk matan Girka na unguwar suka haddace ɗinkinta ba. Baƙin ulu take so, yadi huɗu, kuma daga kantin Ashcombe, inda marigayin ya saya mata kwat ɗinta ta farko shekarar da suka sauka daga jirgi.

"Mama, biyar da rabi suke tashi," in ji Anthoula, tana tallafe da cikinta na wata bakwai. "Mu bari sai Asabar mana."

"Asabar ta masu kuɗi ce. Mai kayan da ya ƙosa ya tafi gida shi ke sakin farashi. Ke boko kawai kika yi, ba ki san komai ba."

Sun sauka daga taragon cikin gari ana yayyafi, fitilun titi sun fara kamawa. Ƙofar kantin ta tagulla ta juya da su ciki. Ƙamshin man goge katako, da turare, da kafur. Tsohon mai lif ya ja ƙyauren ƙarfe, ya dubi agogo, ya dube su, ya kai su hawa na huɗu.

Mai kula da yadudduka wata dattijuwa ce mai furfura, Misis Treloar. Ta sauko da bandir ɗin ulu ta shimfiɗa a kan kantar awo. Garifalia ta murza shi, ta ɗaga shi ga fitila, ta taɓe baki kamar an ba ta ruɓaɓɓen tumatir, alhali zuciyarta ta riga ta kwanta da shi.

"Nawa za ki bar mini?"

"Madam, a nan ba a tayi. Ga farashi a rubuce."

"Ni ban iya karatu ba, don haka bai shafe ni ba."

Anthoula ta sunkuyar da kai don kunya. "Mama, don Allah."

"Rufe mini baki. Da ubanki kike kama, shi ma ko iska aka sa wa kuɗi biya zai yi."

Suna cikin haka ƙararrawa ta kaɗa. Sau uku.

Nan take kowace ma'aikaciya ta ajiye abin da ke hannunta. Aka jawo fararen zannuwa daga ƙarƙashin kantoci, aka shiga rufa kaya. Aka rufa tebura, aka rufa madubai, aka rufa mutum-mutumin nan masu tallar riguna tun daga ka har ƙafa. Ba mai hira, ba mai dariya. Misis Treloar ta warware nata zanen, ta lulluɓe kantar da ulun duka, ta daidaita gefunan da tafin hannu.

"An rufa, Madam. Sai gobe." Ta rage murya. "Abin da aka rufa ba namu ba ne kuma sai safiya. Shekara talatin da ɗaya ina nan, ko gefensa ban taɓa ɗagawa ba. Ku biyo ni."

Ta juya ta bi sauran zuwa matakala, da sauri, ba waiwaye.

Garifalia ta yi murmushi. Wannan ai ta san shi. A kasuwa, in yamma ta yi mai kaya ya jefa buhu a kan tumatirinsa, ba tashi yake nufi ba, tayin ƙarshe yake jira. Mai saye ya ɗaga gefen buhun, ya faɗi kuɗinsa, a sallama. Ita da kanta ta yi wa mutane haka ya fi sau dubu.

Ta kama gefen zanen ta yaye shi.

"Dala goma sha biyu!" ta ɗaga murya. "Ba ƙarin ko sisi!"

Ƙofar matakala ta rufe da kanta. Fitilun suka shiga mutuwa ɗaya bayan ɗaya, daga can ƙarshen zauren, har ya rage guda, ta saman kansu.

Sai ƙauri. Ƙaurin gashi da ulu a wuta.

Sai ƙarar almakashi, daga cikin duhu. Ƙyas. Ƙyas. Tana matsowa.

Mai almakashin dogo ne, da 'yar shara baƙa irin ta teloli na da, da igiyar awo rataye a wuya. Rabin fuskarsa ya narke ya zubo kamar kyandir. Idon wannan gefen ba shi da fatar rufewa. Ya tsaya bayan kantar, ya ɗan rusuna.

"Uwargida ta kira. Yadi nawa?"

Bakin 'yar kasuwa ya riga hankalinta. "Huɗu."

Ya auna, ya ɗan tsaga gefen, ya ja. Ulun ya yage da ƙara irin ta mace mai ihu a ɗaki rufe.

"Abin da aka yanka ba a mayarwa," in ji shi.

Wannan ma ta sani. Doka ce a ko'ina. Ta zaro kuɗi daga jaka ta ajiye. Takardun suka nannaɗe, suka yi baƙi, suka zama toka.

"Ba ma karɓar takarda a wannan sa'ar." Idon nan marar fata ya juya kan Anthoula. "Ku biyu kuka hau, amma uku na ƙirga."

Igiyar awon ta sulale daga wuyansa, ta bi kan kantar kamar maciji, ta zagaye cikin Anthoula ta ɗaure.

"Bai kai rabin yadi ba," ya ce a hankali. "Uwargida ta yi arha."

"Mama," in ji Anthoula, muryarta ba ta fi numfashi ba. "Mama, yana motsi."

Fararen zannuwan da ke tsaye suka fara tafiya.

Biyu suka kama Anthoula ta baya, hannuwa masu tauri suka fito daga ƙarƙashin zane suka maƙure ta. Garifalia ta fizgi sandar awo ta tagulla daga kan kantar, ta kai wa na farko duka a ka. Kan ya fashe, farar ƙasa ta tarwatse, toka mai ɗumi ta zubo daga ciki. Bai saki ba. Ta sake bugawa, ta karya masa hannu a gwiwa. Hannun ya faɗi ƙasa, yatsun na ci gaba da damƙa.

Na uku ya zo mata ta gefe. Bai da fuska, amma ya san inda tata take. Ya naushe ta a baki. Ta ji haƙora biyu sun karye. Ya ɗaga ta sama kamar buhun albasa, ya maka ta da madubi. Gilashin ya fashe cikin zanensa, ya tsaga mata kafaɗa.

Ta tashi. Ya sake kayar da ita. Ya taka mata ƙirji.

Daga ƙasa tana ganin almakashin ya buɗe baki. Ya kama rigar Anthoula daga ƙasa, ya fara hawa. Ƙyas. Ƙyas. Rigar ta rabe. Fatar cikin ta fito, tana sheƙi a ƙarƙashin fitila. Mai almakashin ya ciro alli daga aljihu, ya ja layi.

Ƙarfi ya ƙare. Abu ɗaya ya rage mata a duniya.

Ta tofar da jini, ta ce, "Ya yi tsada."

Almakashin ya tsaya.

"A nan ba a tayi, Uwargida."

"Ɗaga mini wannan gunkin in ga kayana. Ko a kantinku ba a duba kaya?"

Ƙafar ta sauka daga ƙirjinta. Ta ja jiki zuwa kantar, ta kama ulun, ta kai hanci.

"Ƙauri yake. Kayan gobara ne." Ta dube shi cikin idon nan. "Kayan gobara kake sayar wa mutane a farashin sabo? A kantin Ashcombe? Ka ji kunya."

Narkakken gefen fuskarsa ya motsa. Sannan ya miƙo allin, ya ja layi a kafaɗarta. Inda allin ya bi, fata ta tsage.

"Hannu. Daga nan."

"Da me zan ɗauki kwando? Dubi gefen nan, asu ya ci."

Allin ya sauko gwiwar hannu. Jini ya biyo shi.

"Albarkacin mutuncinki, daga nan."

"Mutuncina ya fi haka. Ga yankanka ma a karkace, kamar na ɗan koyo."

Wani abu ya yi gurnani a cikin bango. Fitilar ta yi rawa. Allin ya tsaya a wuyan hannu, ya nutse har ya taɓa ƙashi. Ta ga duhu-duhu, ta dafa kanta.

"Yatsa ɗaya," ta ce.

"Albarka."

"Ɗaya."

"Uku. Ba na sauka."

Garifalia ta san abin da ya rage. Ta yi shi ga mahauta, ta yi shi ga masu kifi, ta yi shi ga mai sayar da akwatin gawar Lefteris. Amma ba ta taɓa yin sa an riƙe mata 'ya ba.

Ta ture ulun gabansa. "Riƙe kayanka."

Ta juya wa Anthoula baya.

Taku ɗaya.

"Mama!"

Taku biyu. Gilashi na ƙara ƙarƙashin takalminta. Ba ta waiwaya ba.

Taku uku.

"Uwargida," in ji muryar. "Dawo. Na sallama. Ɗaya, mai zoben."

"Ƙaramin. Kuma ka buɗe ƙofa ta fita tukuna. Ba na biya sai na ga an ɗauki kaya."

Igiyar awon ta warware. Hannuwan suka saki. Ƙofar matakala ta buɗe da ƙara.

"Fita, 'yar nan."

"Ba zan bar ki…"

"Fita, ko in ƙara miki da nawa dukan!"

Sai da ta ji takun 'yarta ya yi nisa, hawa ɗaya, hawa biyu, sannan ta cusa gefen ɗankwalinta a baki, ta shimfiɗa hannun hagu a kan kantar.

Almakashin yadi ne, ba a yi shi don ƙashi ba.

Sau uku ya ciza.

Ba ta yi ihu ba.

Ya naɗe ulun cikin takarda mai ruwan ƙasa, ya ɗaure da zare, ya tura mata, tsaf-tsaf. Sannan ya sake rusunawa, almakashin ya sake buɗe baki a hankali.

"Ko Uwargida na bukatar zare? Maɓallai? Shafi na ciki?"

Fararen zannuwan suka matso. Sun fi goma yanzu.

Da hannun da ke zubar jini ta kamo gefen zanen da ta yaye, ta ja shi da duk ƙarfin da ya rage mata, ta lulluɓe kantar.

Fitilu suka dawo gaba ɗaya.

Ba kowa. Sai gumaka a rufe, sun yi mata da'ira, na kusa hannunsa a miƙe, saura taki ɗaya ya kai wuyanta.

Ta ɗauki ƙunshinta. Ta ratsa tsakaninsu a karkace, ba ta bari ko gefen zane ya taɓa ta ba.

A ƙasan matakala ta tarar da Misis Treloar rungume da Anthoula, tsohon mai lif na tsaye da hularsa a hannu. Misis Treloar ta dubi hannun, ta dubi ƙunshin. Abu ɗaya ta tambaya.

"Kin mayar da rufin?"

"Na mayar."

Dattijuwar ta zauna a kan matakala ta fashe da kuka.

A asibiti an rubuta cewa ƙofar lif ce ta datse ta. Ranar cikar shekarar Lefteris ta tsaya a coci cikin sabuwar riga, hannu a naɗe, baki a kumbure. An wanke ulun sau huɗu, ƙaurin bai fita ba, matan da ke kusa da ita suka riƙa ja da baya. Ko a jikinta. Cikin watan Agusta Anthoula ta haifi mace. Kafin a yi mata wanka kakar ta karɓe ta, ta ƙirga yatsunta sau uku, hannu da ƙafa.

Har yau tana nan a teburinta. Sai dai ta daina jefa buhu a kan tumatir, ko da ruwa ake. Kuma duk yamma, wajen biyar da rabi, takan damƙe hannun hagu a cinya. Ta ce yatsan nan da ba ya nan yana ji. Yana jin gefen yadi na wucewa ƙarƙashinsa, yadi bayan yadi, wani na aiki da shi.

In baƙo ya tsura wa dungun ido, ba ta ɓoye shi. Ɗaga shi take har gaban hancinsa, ta nuna jikarta da ke wasa bayan kwanduna.

"Ƙaramin yatsa ɗaya," takan ce. "Na hagu ma. Je ka zaga kasuwar nan kaf, ka nuna mini wadda ta taɓa yin ciniki irin wannan."