Goron da Aka Kai Aboabo

"Ka tsaya a nan, zan sauka!"

"Rafia, muna tsakiyar titin Grand Concourse. Ki sauka ki je ina?"

"Ko ina ne. Ka tsaya kawai, Mashud!"

Bai tsaya ba. Rigar aikinsa ta filin jirgin saman JFK tana jikinsa, don daga lodin jakunkuna ya wuto ya raka ni ofishin lauya. Ni kuwa takardar jami'ar Oxford tana kan cinyata, na matse ta har ta yi laushi.

Shekara biyu na yi ina bin takardar nan. Ranakun mako ina aji, Asabar da Lahadi ina bin uwata Mma gidan tsohuwar da take jinya, ina rubuta wasiƙar neman shiga a teburin kicin ɗin mutane. Sau bakwai na yage ta na sake. Ranar da malamansu suka yi min tambayoyi ta Skype, farin zanen gado na rataya a bayana don kada su ga tukwanenmu. Suka ba ni gurbin digiri na biyu a ɗaya daga cikin kwalejojinsu, har da tallafin karatu.

Yau lauya ta gama da ni cikin minti goma.

Na san ba ni da takardun zama. Ina 'yar shekara tara Mma ta shigo da ni daga Kumashi da bizar ziyara, muka zauna. Abin da ban sani ba shi ta faɗa min: "Tafiya kam za ki iya. Amma ranar da kika fita daga ƙasar nan, shekara goma ba ki dawowa."

Shekara goma! Mma ma ba ta da takarda, ba ta iya biyo ni. Ga hawan jini, ga ni kaɗai ta haifa.

Sai lauyar ta dubi Mashud ta ce, "Kai ɗan ƙasa ne?" Ya ce e. Ta yi murmushi. "To ai ga hanya zaune kusa da ke."

Murmushin nan ne yake ta ƙona ni a motar.

"Ni ba zan yi auren takarda ba!"

"Wa ya ce auren takarda? Shekara uku ina..."

"Matan unguwarmu Highbridge za su ce! Anti Adwoa mai kitso ba ta barin magana ta kwana. Za ta ce duk bokon Rafia, a ƙarshe fasfon mai lodin jaka ne ya cece ta!"

Sai da maganar ta fita daga bakina na ji nauyinta. Ya tuƙa har ƙofar gininmu. Ya miƙa hannu ya buɗe min ƙofa.

"Sauka lafiya, 'yar Oxford."

Hawa biyar na taka da ƙafa. Na tarar da Mma tana kwashe wake da shinkafa. Ta dubi fuskata sau ɗaya, ta ajiye ludayi. Na faɗa mata komai a tsaye.

"Ki tafi," in ji ta.

"Mma..."

"Na ce ki tafi. Shekara goma sha huɗu ban ga tawa uwar ba, a waya na ji an binne ta. Ga ni, ban mutu ba."

"Shi ne kike so ni ma in ji naki a waya?"

Ta zauna a bakin kujera. Na duba ko'ina cikin raina, ban ga ƙofa ba. In na tafi na rasa uwata. In na zauna na rasa abin da na yi wa wahala. In na yi aure na zama abin hira a shagon kitso.

"Yaron nan Mashud fa?" ta tambaya.

Na gaya mata abin da na ce masa.

"Ei, Rafia! Bakinki!" Ta dafe kai. "Wane auren takarda? Tun bayan ƙaramar salla kawunan Mashud suka kai goro Aboabo, can Kumashi, gidan Baba Abukari, ƙanin marigayi babanki. Kwarya guda! Rabin zango sun ci."

"Goron wa?"

"Naki mana, na wa? Ba ke kika ce masa in ya isa ya tura manya ba?"

Na faɗa, gaskiya ne. Cikin tsokana na faɗa, a kan hanyar jirgin ƙasa.

"Wata takwas ke nan, Mma! Aka raba gorona ban sani ba?"

"Shi ya roƙa a rufe miki. Ya ce kina tsakiyar neman makaranta, kada ki ga kamar ya ɗaure miki ƙafa. Ya ce ko shekara nawa za ki yi a Ingila zai jira. Da aka aiko min da kasona, gida gida na raba a ginin nan. Ita Adwoar da kike tsoro, biyu ta ɗauka. Wanda ya ci goro ai shaida ne, da wane baki za ta ce auren takarda?"

Na leƙa taga. Motarsa tana nan inda ya ajiye ni.

Na sauka da gudu, na buɗe na shiga. Bai dube ni ba.

"Ka yi min laifi, Mashud."

"Ni kuma?"

"Ka sa duk Highbridge sun san zancen aurena ban da ni."

Ya juyo ya dube ni, na ci gaba.

"Ni kuma na yi maka wanda ya fi. Ka yafe min, masoyina... Bakina ne, ba zuciyata ba."

Ya sauke numfashi. "Rafia, ko da auren, lauya ta ce takardun ba za su fito kafin a buɗe makaranta a Oktoba ba. Bana kam ba ki shiga."

"Na ji ta."

"In kina son tafiya yanzu, ba zan hana ki ba. Wallahi ba zan hana ki ba."

"Ba ni wayarka, tawa ta mutu."

A nan cikin mota na rubuta wa kwalejin. Na ce ina roƙon a ɗaga min shekara ɗaya. Ban yi musu kuka ba, ban ba su labarin uwata ba. Layi huɗu kawai.

"In suka ƙi fa?" ya tambaya.

"Sai in sake nema. Kan da ya kai ni can yana nan a wuyana." Na miƙa masa wayarsa ya karanta. "Ka ce wa kawunanka su koma wurin Baba Abukari a sa rana."

"Rafiata..."

"Kada ka yi murna tukuna. Ka bar ni in gama."

Na danna, wasiƙar ta tafi. Sai na kifa kaina a kan gwiwata, na yi kukan ɗakin da aka rubuta sunana a ƙofarsa can Oxford, wanda wataƙila wata ce za ta kwana a ciki. Mashud bai ce in yi shiru ba. Ya kashe injin, ya zauna tare da ni har na gama.