Jif ɗin da Yaya Ya Sayar Mini

Yayana ne ya sayar mini da jif ɗin, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya dafa ƙirji ya ce, "Ko ƙwarzane ba ta taɓa yi ba. Wata malamar asibiti ce direba ke kaiwa aiki da ita." Da na yi ƙorafin cewa ƙararrawar bel ɗin kujerar baya tana kuka ba kowa a kai, sai ya yi dariya ya cire wayar ƙararrawar da hannunsa.

Ran nan muna dawowa daga gaida surukaina bayan isha'i, matata da yaranmu biyu duk sun yi barci, hanya ba kowa. Sai ƙarar nan ta dawo, alhali wayar da ya cire tana aljihun mota. Bayan motar ya ɗan zauna, kamar an ɗora buhu. Warin asibiti ya cika mini hanci.

"Rage gudu," in ji wata murya a hankali, kamar mai gudun tada yara. "A wannan kwanar ne muka yi hatsarin."

Na ɗaga ido na dubi madubi. Mace ce cikin fararen kaya, tana gyara wa autata bargo da hannun da ya murɗe ya juya baya.

"Ban ga laifinka ba," ta ce. "Sau uku yayanka ya wanke kujerar nan. Ya ce wa mai fenti, 'Ƙanena ba zai duba ba, ni ne fa.'"

Wallahi kuwa ban duba ba.