Notoci Shida a Marfin Kwalba

Kafin la'asar ɗin wannan Juma'a, Ƙofar Guga ta gama yanke hukunci: Muttaka ɗan acaɓa ne ya kashe Siddiq mai gyaran kwamfuta don ya kwashe kayan shago. Waɗanda suka rantse sun gani da idonsu sun fi mutanen layin gaba ɗaya yawa. Abin da aka gani ɗin dai bai wuce wannan ba: ana fitowa daga masallaci aka tarar da Muttaka durƙushe a bakin shago, kan Siddiq bisa cinyarsa, jini har gwiwar hannu. Ba wanda ya tambaye shi komai. Aka rufe shi da duwatsu da ƙafar benci, aka karya masa hannun dama wuri biyu, aka fasa masa ido, aka cinna wa babur ɗinsa wuta. Da motar 'yan sanda ta ƙara minti biyar, da tayar da aka rataya masa a wuya ita ma ta kama.

Hajiya Indo ta ji labarin a bakin mata uku, kowace da nata ƙarin. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana koyar da kimiyya a sakandare kafin ta yi ritaya, kuma yawan masu faɗin magana bai taɓa sa ta yarda da ita ba. Ta san Muttaka, shi ke kai ta asibiti awon hawan jini. Ta san Siddiq ma. Kwana goma da suka wuce ta kai masa kwamfutarta, wadda sai ta kunna ta, ta dafa shayi, ta dawo kafin ta buɗe.

"Hajiya, tsohon faifan ne ya gaji," in ji shi a ranar. "Juyawa yake kamar dutsen niƙa. SSD za mu sa. Shi ba abin da ke motsi cikinshi, ba ƙara, kuma ba ya tsoron faɗuwa."

Ya ajiye mata iri biyu bisa tebur. Ɗaya fale-fale, girman tafin hannu, mai shiga gurbin tsohon faifan. Ɗaya siriri, tsawon ɗan yatsa, wanda ke da nasa gurbin daban a jikin allon kwamfuta. Ta sa shi ya yi bayanin sau biyu, kamar yadda take sa ɗalibai. Tata tsohuwa ce, babba kaɗai take ɗauka. Amma ya ce in kwamfuta na da gurbin siririn, shi ya fi sauri, kuma sai a kwafe komai zuwa cikinsa a bar tsohon faifan a wurinsa ya zama rumbu.

Da safiyar Asabar ta isa shagon. Sufeto Mati, mai binciken, yana ganinta ya cire hula. Ta taɓa tsayar da shi a rana saboda satar amsa.

"Malama, ina kwana? Ya ƙarfin jiki? Ya muka ji da wannan abu?"

"Sai haƙuri, Mati. An ce ka gama bincike."

"Litinin za mu kai shi kotu. An kama shi da jini a hannu."

"Kai ma in ka ɗaga wanda aka fasa ma kai, madara za ta zubo maka? Matsa in gani."

Jinin ya bushe ya yi baƙi daga tebur har bakin ƙofa. An bugi Siddiq sau uku a ƙeya da gudumar shagon, ya ja jiki yana neman fita. Kwamfutoci bakwai na jere a kan kanta, ba wadda aka taɓa. Guda ce kawai a kife bisa tebur, an cire murfin bayanta, gurbin faifanta fayau. Faifan kansa yana ƙasa, an daddake shi da guduma har cikinsa ya tarwatse, ɓarɓashi ya watsu yana ƙyalli kamar fasasshen madubi.

Hajiya ta gyara tabarau. Kusa da kwamfutar akwai marfin kwalbar lemo, da ƙananan notoci shida a ciki.

"Wa ya kwance waɗannan?"

"Marigayin mana. Aikinshi ne."

"Siddiq a jikin maganaɗisun can yake manna notocinshi, na zauna na gani. Kuma duba su da kyau."

Mati ya duba. Akwai jini a kan notocin, har cikin tsagar da sukundireba ke shiga.

"Bayan an buge shi aka kwance su," in ji ta. "Ɓarawo ya kashe mutum, ya bar kwamfuta bakwai, ya zauna yana adana notoci kada su ɓace? Wannan hannun da aka koya ma aiki ne."

A asibiti, Muttaka na kwance, ankwa ta haɗa hannunsa mai lafiya da ƙarfen gado. Fuskarsa ta kumbura har sai da Hajiya ta gane shi ta murya.

"Mi ya kai ka shagon?" in ji Mati.

"Ranka ya daɗe, da hantsi na ɗauko mashi ɗan ƙunshi daga tasha, saƙon Kano. Duk Juma'a kuma ni ke maida shi gida bayan salla. Na zo na iske shi yana shure-shure."

"Mi ke cikin ƙunshin?"

"Wani ɗan abu kamar tsinken sakace mai faɗi. Har na ce mashi, don wannan ka sa na ƙona mai?"

"Ka iya buɗe kwamfuta?" in ji Hajiya.

"Hajiya, ni da ko lambar waya sai matata ta adana mani?" Ya dubi ankwar. "Da gaske rataye ni za a yi?"

"Sha maganinka," in ji ta.

Mati ya ce to, in mai sana'a ake nema, akwai Hussaini na layin baya. Kowa ya san sun yi cacar baki da marigayin a watan jiya, har aka riƙe su. Aka kawo shi ofis yana zufa.

"Mi ya haɗa ku?"

"Cewa ya yi SSD ɗin da nake saidawa kwanko ne da ɗan katin waya a ciki. A gaban kwastoma! Kuma da muka fasa ɗaya, wallahi gaskiyarshi ce, ni ma cuta ta aka yi. Na zage shi, ban musa ba. Amma kisa?"

Hajiya ta tura masa kifaffiyar kwamfutar. "In kana son hallaka abin da ke cikin wannan, mi za ka fasa?"

Ko daƙiƙa biyu bai yi ba. Ya sa farce ya ɗaga wata baƙar leda da ke manne kusa da fanka. Siririn SSD na kwance a ƙarƙashinta, da noti ɗaya a ƙarshensa.

"Ga shi nan. Sabo ne ma. Wanda ya fasa wancan faifan ɓata ƙarfinshi ya yi, in dai an riga an kwafe."

"Je ka zauna waje," in ji Mati. Da ya fita, ya dubi Hajiya. "Ba shi ba ne."

"Da shi ne, da wannan ya fara cirewa. Muttaka bai san komai ba, Hussaini ya san komai. Nemo mani wanda ya sani, amma saninshi ya tsufa."

Takardar da ke manne a murfin kwamfutar na ɗauke da suna da lamba: Fadila, unguwar Kambarawa. Ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje ce. Ta zo da jajayen idanu.

"Mi ke cikin kwamfutarki, ɗiyata?"

"Sakamakon gwajin ruwa, Hajiya. Yara huɗu suka mutu da amai da gudawa a unguwarmu cikin sati biyu. Na auna rijiyoyi, lafiya lau. Na auna ruwan leda na wani kamfani, sai ga ƙwayar cutar. Takardun da na buga sun ɓace daga ofis. Hotuna da komai a kwamfutar nan kaɗai suka rage, ita kuma ta fara wani ƙas-ƙas. Tsoro ya kama ni, na kai ma Siddiq. Ya ce in zaɓi siririn, tunda tana da gurbinshi. Litinin zan miƙa rahoton."

"Wa ya san tana wurinshi?"

Ta sunkuyar da kai. "Yayan maigidana, Alhaji Almu. Shi ne manajan kamfanin. Ran Alhamis ya zo yana roƙona in rufa asiri. Na ce ko na so ba ta hannuna, tana wurin gyara a Ƙofar Guga."

"Kin gaya mashi irin gyaran?"

"A'a."

"Ya san kwamfuta?"

"Shi ya fara buɗe shagon buga takardu a Ƙofar Sauri, shekara ashirin ke nan. Da hannunshi yake haɗa manyan nan na tebur. Har yau in an yi zancen kwamfuta a gida ba mai ja da shi."

Ranar Lahadi da hantsi Alhaji Almu ya zo ofishin Mati cikin farar shadda, yana ƙamshin turare, hannunsa na dama naɗe da bandeji. Aka yi gaisuwa mai tsawo. Ya yi wa marigayin addu'a, ya tsine wa 'yan acaɓan zamani. Fadila na zaune a gefe, Hussaini na tsaye bakin ƙofa.

"Alhaji, an ce kai gwani ne," in ji Hajiya. "Taimaka ma tsohuwa. Aikin ɗiyar nan zai dawo?"

Ya leƙa cikin kwamfutar, wadda aka riga aka mayar wa baƙar ledarta, ya nuna gurbin da ba komai. "Ayya. Nan ne ma'ajiyar, Hajiya. Tunda babu faifan, gangar jiki ce ba rai. Sai dai haƙuri, Fadila."

"Ba wani wuri kuma?"

"Na haɗa kwamfuta ta fi ɗari. Wuri ɗaya ne."

"Mi ya sami hannunka?" in ji Mati.

"Injin yanka leda ne."

"Ran Juma'a ina ka yi salla?"

"Inda na saba."

"Waɗanda ka saba tsayawa da su sun ce ba su gan ka ba."

"Taro ne, Sufeto. Wa ke ƙirga wa?"

Hajiya ta juyar da kwamfutar, ta ɗaga murfin, ta danna maɓalli. Ba ƙara, ba jira. Kafin Alhaji ya gyara zama allon ya haska. Fadila ta sa lambobin sirrinta, hotunan gwajin suka bayyana, da sunan kamfanin a jikin kowace leda.

Alhaji Almu ya tashi kamar an tsikare shi. Ya kai wa Hajiya gwiwar hannu a baki, ta faɗi da kujerarta. Ya fizge kwamfutar ya maka ta da bango, ya tattake ta, ya juya ya shaƙe Fadila da hannu biyu yana ihu: "Munafuka! Gidanmu za ki rusa?" Mati ya sauke masa kulki a kafaɗa, bai saki ba. Sai a na biyu, a kan hannun mai bandeji, ya ƙwalla ƙara ya zube. Bandejin ya jiƙe da jini. Kurata biyu suka danne shi suka sa masa ankwa.

Hajiya ta tofar da haƙori ɗaya cikin gefen mayafinta. Hussaini ya tona tarkacen, ya kwance noti ɗaya, ya ɗago siririn abin ko ƙwarzane babu.

"Ko da ya karye, tun jiya muka kwafe," in ji Mati yana haki. "Malama, sannu. Ya aka yi kika san shi ne tun kafin ya tashi?"

"Ban sani ba, zato nake. Kira likita ya buɗe hannun nan." Ta goge baki. "Alhaji ya je karɓar kwamfutar da sunan aike, lokacin da layi ya watse an tafi masallaci. Siddiq ba ya ba kowa kayan wani, ni shaida ce. Da ya juya zai kira mai ita, ya sha guduma. Fita da kwamfuta a hannu ranar Juma'a, wani zai gani ya tuna. Sai ya yi abin da ya iya: ya kwance, ya adana notoci yadda ya saba, ya fasa faifan. Amma faifan da ya sani na manyan kwamfutoci ne, na ƙarfe, in ka buga sai ya lanƙwashe. Na ƙananan nan yawanci gilashi ne. Ka ga yadda ya watsu a shagon. Wanda ya riƙe shi yana duka bai tafi gida shi kaɗai ba, da ɓarɓashi a tafin hannu ya tafi."

Likita ya ciro ɓarɓashi uku daga tafin hannun Alhaji Almu, masu ƙyalli kamar madubi. Aka gwada su da waɗanda aka share a shagon, iri ɗaya ne. Kafin azahar ya amsa laifinsa a rubuce.

Da yamma Mati ya je asibiti da kansa ya buɗe ankwar. Hajiya na tsaye da kumburarren leɓe. Muttaka ya daɗe yana kallon wuyan hannunsa da idon da ya rage masa.

"Hajiya, mi za a ce ma mutanen layin?"

"Abin da ya faru," in ji ta.

Alhaji Almu ne ya kashe Siddiq da guduma, ranar Juma'a wajen ƙarfe ɗaya, don ya hallaka sakamakon gwajin ruwan da ya kashe yara huɗu a Kambarawa. Awa guda kafin nan Siddiq ya gama kwafe sakamakon zuwa sabon SSD. Muttaka ya tarar da shi yana mutuwa, ya ɗora kansa bisa cinya. Waɗanda suka karya masa hannu suka fasa masa ido maƙwabtan shagon ne, suna dawowa daga salla.