Ƙafar Barkat

"Tir! A ɗakin nan kike kwana, Shagufta?"

Ammi ta ja ta tsaya a bakin ƙofa, ta toshe hanci da gyale. Ɗakin ɗiyarta wari yake kamar an ɓoye mushe.

Barkat, mijin Shagufta, yasar kwatami yake yi a birnin Faisalabad na Pakistan. Fasasshiyar kwalba ce ta yanke shi a cikin ƙazantar, ƙafar ta kumbura ta ruɓe, mugunya na ɗiga ta ƙasan gadon igiya, ƙudaje na biki.

"Ammi, yana jin ki fa."

"Ya ji mana! Na so ki zama nas, kika ce ke soyayya. To ga soyayyar nan tana tsutsa! Kwaso kayanki, yayanki na waje da babur."

Barkat ya juya fuska bango. "Bi ta, Shagufta. Ni ma ƙyamar kaina nake ji."

"Bari in wanke ciwon tukuna," ta ce.

Tana kwance bandeji, sai ga tsutsotsi farare suna motsi. Ta ruga tsakar gida ta kwara amai. Ta gaji, gajiya ta gaske. Ta kwana biyu ko gurasar roti ba ta iya ci, addu'a ma ta gagare ta.

"Yesu, ni kam na kasa," ta faɗa tana kuka.

Ta koma ta durƙusa, don dai ta gama ta tafi. Ta bayan katanga maƙwabciyarsu, tsohuwa Marta, tana kwaɓa fulawa tana rera Zabura da muryarta mai karkarwa. Shagufta ta tallafi ƙafar, ta zuba ruwan ɗumi, sai wata natsuwa ta sauko mata, kamar an dafa kafaɗarta. Ta ji ba ita kaɗai ce a durƙushe ba.

Abin bai daɗe ba. Wari ya dawo, ƙudaje suka dawo. Amma Shagufta ta ci gaba da wanke ciwon.

"Ammi, ku gaida gida."

"Ruɓa kika zaɓa kika bar uwarki?"

"Alkawari na yi a gaban Ubangiji."

Ammi ta tofar da yawu, ta haye babur.

A asibiti aka yanke wa Barkat yatsu biyu. Jinya ta yi tsawo, Shagufta ta sha yin amai, natsuwar nan kuwa ba kullum take zuwa ba. Ranar da ba ta zo ba, da tunawa da ita take wanke ciwon.

Ranar Ista Barkat ya taka har coci da sanda. A ƙofa suka ci karo da Ammi. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Riƙe sandar da kyau, kada ka faɗo mini kan 'ya!" Ta kama masa ɗaya hannun.

Ubangiji ba kullum yake ɗauke wahala ba. Wani lokaci ɗan taɓawa kawai yake yi, wanda ya riƙe wannan da haƙuri sai ya ishe shi tsallakewa.